Daren da wata ya yi zazzaɓi

Ni kurma ce. Na fara da wannan ne don kada a yi mamakin yadda mace mai 'ya'ya huɗu, mai keken ɗinki da kayan mutane jibge a kanta, take lissafin kwanan wata kamar mai jiran albashi. Ba da kurumta aka haife ni ba. Na yi shekara goma sha ɗaya ina ji ras, har yanzu kuma ina magana, duk da yarana sun ce muryata takan yi sama ba dalili, takan kuma faɗo ƙasa a inda ya kamata ta tashi.

A Gombe aka haife ni, a unguwar Bolari, ni ce 'yar fari a ɗakin Innarmu. Baffa yana da rumfa a Tudun Hatsi, yana sayar da masara da wake da dawa. Wanda bai taɓa yin bazara a garin nan ba zai ɗauka ƙari muke yi. Garin a cikin kwari yake zaune. In ka taho daga Bauchi a watan Maris ko Afrilu, da ka gangaro daga Tumfure sai ka ji kamar an ɗage maka murfin tukunya a fuska. Da rana ma'aunin zafi ya haura 40, kwano ya sha rana ya ƙoshi, da dare kuma ya amayar da ita a kan duk wanda ya yi gangancin kwanciya a ƙarƙashinsa. Bango ma in ka jingina da shi bayan isha'i sai ka ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

Saboda haka a bazara ɗaki wurin ajiyar kaya ne kawai. Rayuwa a tsakar gida ake yin ta. Aikina ne bayan la'asar in yayyafa ruwa a inda za a shimfiɗa tabarmi, kuma ba ruwa mai kyau ba, na wanke-wanke ne da aka tara tun safe, don a lokacin ruwan Dadin Kowa bai iso gari ba, wurin 'yan garuwa muke saye. Ina tuna ƙarar da ƙasa take yi in ruwan ya sauka a kanta, wata 'yar "cuu" kamar an jefa albasa a mai. Tana cikin sautuka ƙalilan da suka rage mini a kai. Randarmu tana gindin maina, an binne rabinta a yashi, Inna ta naɗe wuyanta da tsumman buhu tana jiƙa shi sau uku a rana. Duk firjin da na sha ruwansa daga baya bai kashe mini ƙishi kamar moɗa guda daga randar nan ba. Kafin a kwanta sai an kakkaɓe tabarma an leƙa cikin takalma saboda kunama, don ita ma zafi ne ke fito da ita. Wanda zufa ta hana shi barci ya tsoma zani a bokiti ya matse ya lulluɓa. Goggo kuwa da maficin kabarta take kwana, tana barci hannunta yana kaɗawa.

In farin wata ya zo, ba mai kwanciya da wuri. Mu 'yan mata mu fita dandali gaɗa, maza su yi langa, tsofaffi su baje a ƙofar gida. Ban taɓa ɗaga kai na kalli watan kansa ba a lokacin. Fitila ce da ba a saya mata kananzir, iyakar abin da na sani ke nan.

A 1996 mun yi ƙaramar Sallah a watan Fabrairu, sanyi yana janyewa, ƙura ba ta gama kwanciya ba. Daga nan aka fara jin ana cewa sanƙarau ya shigo. Da farko labarin Kano da ƙauyuka ne, sai ya zama na unguwar da ke kusa, sai na gida na uku daga namu. Daga baya na karanta cewa a shekarar sama da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, har Saudiyya ta hana maniyyatanmu zuwa aikin Hajji. Mu dai abin da muke gani shi ne makara ɗaya tana fita sau biyu, sau uku a yini.

Aka ce iskar dare ce ke ɗauko ciwon. Ranar nan da magariba muna shirin shimfiɗa tabarmi aka ce mu naɗe su, daga yau ba yaron da zai ƙara kwana a waje. Mu tara, da 'ya'yan ɗakin abokiyar zaman Inna, da Goggo ta goma, aka zuba mu a ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Aka toshe 'yar tagar da tsumma, aka ja ƙofa. Baffa ne ya ja ta da hannunsa, ina kallonsa. Ban san yadda zan kwatanta daren ba. Numfashin wani a wuyanka, gumin wani a bayanka, ƙananan suna kuka har su gaji. Ƙanena mai bi mini, ɗan shekara takwas, tabarmarmu ɗaya, yakan raɗa mini, "Adda, buɗe ƙofar kaɗan mana." Ni kuma in ce ya yi shiru kada Baffa ya ji. Mun yi kusan mako biyu a haka.

Shi ya fara. Ni na bi shi da kwana ɗaya. Ciwon kai ne irin wanda ban taɓa ji ba, kamar ana buga ƙusa daga ƙeya, ga amai, ga hasken rana ba na son gani. Aka ce zafi ne ya buge mu. Aka jiƙa tsamiya, aka shafa mana ruwan randa, aka karɓo rubutu, aka yi turare. Kwana biyu muna gida. Ba na faɗin wannan don in ci mutuncin kowa, kowa a gidan abin da ya sani ya yi, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Amma kwana biyun nan su ne komai. Sai da wuyana ya sanƙare, aka ce in sunkuyar da kai haɓata ta taɓa ƙirji na kasa, sannan aka nemo mota.

Abin da na iya riƙewa na asibiti kaɗan ne. Ɗakunan sun cika, a gindin bishiya aka shimfiɗa ni, ledar ƙarin ruwa a rataye a reshe. Akwai wata allura mai kauri kamar mai da aka yi mini, na daɗe ina jin wurin. Da na farfaɗo na ga Inna zaune gefena tana kallon wani wuri daban, na ga mutane suna kai da kawo, ba motsin da ke da sauti. Na ɗauka kunnena ne ya toshe kamar yadda yake yi in ruwa ya shiga. Na yi ta sa yatsa ina girgizawa. Da na tambayi ƙanena, Goggo ta nuna hanya da hannu ta yi alamar nisa. Na fahimci an kai shi Kumo wurin kakarmu, na kuma yarda.

Wani ma'aikacin asibitin ne ya zaunar da Baffa ya yi masa bayani, kamar yadda aka gaya mini daga baya. Ya ce ciwon daga numfashin mutum yake tsallakawa zuwa mutum, ta tari da atishawa da kwana a cunkushe. Busasshiyar iska da ƙura suna farfasa cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayar cutar hanya, shi ya sa yake zuwa a rani ya lafa in ruwa ya sauka. Ya ce mafi munin abin da za a yi wa yara a irin wannan lokaci shi ne a tara su a ɗaki ɗaya a rufe. Ran da aka sallamo ni, na tarar tabarmi sun koma tsakar gida.

Kwana huɗu da dawowata abin ya faru. Shekaru da yawa bayan haka na nemo ranar a waya, na tarar daren Laraba ne wayewar Alhamis 4 ga Afrilu, tsakiyar Zulƙida. Ina kwance a waje, bayan tsakar dare, na ji ƙasa tana ɗan girgiza a bayana kamar ana daka a maƙota. Na buɗe ido. Watan da na kwanta na bari fari tas ya koma ja, ja mai duhu irin na garwashin da ya kusa mutuwa. Na juya, sai ga ƙannena da yaran maƙota a tsaye kusa da kaina, wannan da murfin tukunya, wancan da gwangwani, wata da faranti da ludayi, suna ta bugu da iya ƙarfinsu, bakunansu a wangale. Baffa ya wuce da buta zai tafi masallaci sallar husufi. Wata ya yi zazzaɓi, yara suna yi wa rana ihu ta sake shi. Na san wannan hayaniyar, na taɓa jin labarinta, na san ta isa ta tada unguwa guda. Ƙaramar ƙanwata tana buga faranti tazarar taku biyu daga kunnena.

Ban ji komai ba.

A daren na daina sa yatsa a kunne. Na kwanta ina kallon watan har ya fara washewa ta gefe guda, ya dawo fari kamar ba abin da ya same shi. Na tuna na ji haushinsa. Shi ya yi nasa zazzaɓin ya warke sumul cikin dare ɗaya.

Mutane suna ɗauka wahalar kurma da rana take, a kasuwa ko bakin titi. Rana mai sauƙi ce. Da rana magana ta aiki ce, kawo wancan, ɗauke wannan, hannu ma ya isa. Hira kuwa abar dare ce. A bazara fitilar ƙwai kashe ta ake yi da an gama cin tuwo, don tana ƙara zafi, tana tara ƙwari, ga kuɗin kananzir. Wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Sai gida ya yi duhu, kowa ya miƙe a tabarmarsa, a buɗe hira. Ni ina tsakiyarsu, kafaɗata tana gogar ta ƙanwata, ina jin jikinta yana jijjiga na san dariya ake yi, ban san ta mece ce ba. In na ce "Me aka ce?" ba mai amsar da zan gani. Na gane cewa in aka kashe fitila, ni ba kurma kaɗai ba ce, an fitar da ni daga gidan ne gaba ɗaya, alhali ina kwance a cikinsa.

Ga kuma Inna. Mu a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "yarinyar nan". Ba ta kallon fuskata in tana yi mini magana, takan faɗa ne tana kallon tukunya ko bango, ni kuma in tsinta. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma da ina ji abin bai taɓa damuna ba. Yanzu kuwa maganar da aka yi wa bango ta tafi ke nan.

Wata ya ƙare, wani ya tsaya, aka yi babbar Sallah a ƙarshen Afrilu ba armashi. Ƙanena bai dawo daga Kumo ba, ko da Sallah. 'Yan kwanaki bayan Sallar, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, irin zafin nan mai nauyi na gab da faɗuwar ruwa, na farka cikin dare na ga Inna zaune a bakin randa. Wata ya cika, yana tsakiyar sama, har zanen tabarma ana gani. Na je na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Inna, yaushe zai dawo?" Ta kawar da kai ta yi magana. Na sa hannu biyu na kamo fuskarta na juyo da ita wajen hasken. Na ji jikinta ya sanƙame, na san na yi abin da ba a yi. Amma ba ta ƙwace ba. Ta dube ni, ta buɗe baki a hankali. Leɓenta ya buɗe, ya sake buɗewa, sannan ya tsuke.

Ya rasu.

Kalmomin farko da na fara karantawa a bakin mutum ke nan. Tun muna gindin bishiyar asibiti ya cika, kwana ɗaya da kai mu.

Daga wannan daren na fara lissafi. Na lura jinjirin wata ba ya amfana mini komai, kafin a gama cin abinci ya faɗi. Daga kwana tara ko goma yake fara isa in ga baki in mutum yana kusa. Sha uku, sha huɗu, sha biyar su ne sarakai: rana tana faɗuwa a yamma shi yana fitowa ta gabas, ya kwana tare da mu har asuba. Daga nan sai ya fara makara, kullum ya ƙara kusan awa guda, ran sha bakwai sai an yi isha'i an gama ake ganinsa, ran ashirin kowa ya yi barci kafin ya leƙo. Kwana bakwai ke nan a wata nake da 'yan uwa da dare. Na koyi zama in ba wa wata baya don haskensa ya faɗa a fuskar mai magana. Ƙannena suka saba, da sun ga na ja tabarma gefen gabas sai su jeru suna fuskantata.

Karatun leɓe ba abin da mutane suke zato ba ne. Rabinsa cinta ne. "Ba" da "ma" da "ɓa" duk ɗaya suke a ido. "Ka" da "ga" da "ƙa" can cikin maƙogwaro suke, ba a ganinsu sam. Hawa da saukar murya, wanda shi ke raba kukan yaro da kukar miya, ba ya fitowa a baki. Wani dare na miƙa hannu zan ɗauki kwanon fura, Inna ta ce "bari", ni kuma na karanta "mari", na yi wuf na kare fuska da hannu. Gidan ya kwashe da dariya, har Goggo ta yar da mafici. Da aka fahimtar da ni, ni ma na yi. Rabona da dariya tun kafin a rufe mu a ɗaki.

Baffa kuwa ban taɓa juyo da fuskarsa ba. In ya zo ya zauna a cikinmu a daren farin wata, sai in sunkuyar da kai. Kurma yana da wani makami da mai ji ba shi da shi: in ya kawar da ido, ya rufe ka ruf, ba ta inda maganarka za ta shiga. Da wannan na hukunta mahaifina shekara da shekaru. Hannunsa na gani a kan ƙofar. Ya sayo mini abin da bai saya wa kowa ba, ya kai ni wurin masu magani har Kano, ya sayar da buhunan da bai kamata ya sayar ba. Ina karɓa in ce na gode ina kallon ƙasa. A watan Oktoban shekarar aka ba Gombe jiha, gari ya cika da murna, na ga ganguna da dawakai, ni dai ina tsaye a zaure kamar mai kallon hoto.

Makarantarmu ta boko na daina zuwa, don malami allo yake fuskanta yana magana. Yaran unguwa suka sa mini "bebiya" duk da suna jin ina magana. Bayan shekara biyu Baffa ya kai ni makarantar kurame a Bauchi. A can na koyi maganar hannu, na kuma ga yara da yawa da bazara ɗaya ta kawo mu, daga Azare, daga Misau, daga Dukku, kowa ka tambaya ya nuna wuya ya sanƙarar da shi. A can ma in aka ɗauke wuta hira ta mutu, sai dai ka rubuta wa ƙawarka a tafin hannu. A daren farin wata kuwa filin makaranta cika yake yi, hannuwa suna ta tashi kamar tsuntsaye, gulma da labari da faɗa duk ana yi, mai gadi yana gyangyaɗi bai san ana raba gari a gabansa ba.

Aurena na fari ba zan daɗe a kansa ba. Mai ji ne, ba mugu ba ne, amma ya gaji. Yakan kashe fitila sannan ya faɗi abin da ke ransa, da safe ya ce ai ya gaya mini. Shekara biyu, a wata bazarar, na dawo gida da takardata da keken ɗinkin da Baffa ya saya mini. Na biyun kafinta ne, kurma ne kamata, ƙyanda ce ta taɓa shi tun yana ƙarami. Yaranmu huɗu duk suna ji. Da na haifi na fari tsorona shi ne ya yi kuka da dare ban sani ba. Sai na riƙa ɗaura zare daga ƙafarsa zuwa wuyan hannuna, da ya motsa in farka. A bazara muna cikin gidan sauro a tsakar gida, in akwai wata ba na ma buƙatar laluben tocila, ido kawai zan buɗe in ga ko bakinsa a buɗe yake.

Baffa ya rasu a 2013. Na je asibiti, na zauna, na riƙe masa hannu. Ya yi magana mai tsawo yana kallona. Na kalli bakinsa a karo na farko cikin shekara goma sha bakwai, amma ya tsufa, haƙora sun zube, gemu ya rufe leɓen, kuma ban taɓa koyon bakinsa ba. Kowane baki sai an koye shi. Ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na tambayi ƙanwata da ke wurin, ta ce addu'a yake yi mini. Wataƙila haka ne, wataƙila ta taƙaita.

Yarana ba wanda ya taɓa kwana a rufaffen ɗaki a bazara. Da aka fara sabuwar allurar riga-kafin sanƙarau a 2011 ni na fara miƙa hannu a layinmu, matan da suke ɗari-ɗari na nuna musu kunnena. Maƙota sun san ni da wannan: yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, zan ce a sa shi ya taɓa ƙirji da haɓa, in jariri ne a duba maɗigarsa ko ta kumbura. Ko ya iya ko bai iya ba, in jikin ya yi tsanani ba na yarda a ce a bari gari ya waye. Akwai daren da na tada mijina ƙarfe biyu muka ɗauki autanmu a Keke Napep, aka auna aka ce maleriya ce da ƙarancin ruwa a jiki. Maƙociyata ta ce na cika tsoro. Na ce mata na yarda.

Azumin 2024 a tsakiyar zafi ya faɗo, mun ɗauka ran 11 ga Maris. Wuta sai ta yi kwanaki ba a gan ta ba, man janareto ya fi ƙarfinmu tun da aka cire tallafi, ƙanƙara ta zama abin da ake bin layi a kansa kafin magariba. Na koma dabarun Inna ɗaya bayan ɗaya: randa a yashi, jiƙaƙƙen zani, yayyafi bayan la'asar, ɗinki daga asuba zuwa hantsi sannan in rufe keke sai yamma. Da shan ruwa zoɓo da kunun tsamiya da kankana, a yi ta kurɓa kaɗan-kaɗan har sahur maimakon a tuttula a ciki lokaci guda. Muna da fitilar sola yanzu, da fanka mai caji da takan kai mu tsakar dare, da waya da nake hira da ƙawayena na Bauchi ta bidiyo. Maganar gaskiya ba na buƙatar wata kamar da. Amma ran sha uku da sha huɗu da sha biyar kashe fitilar nake yi. Hasken sola yana sa mutum ya runtse ido ya yamutsa fuska, na wata kuwa yana barin fuska yadda take.

A azumin nan na ɗauko Inna ta dawo wurina, don ɗakinta na Bolari ya zama tanda kuma hawan jini ya sa ta gaba. Idonta ya yi rauni, yana ya rufe ɗaya, ba ta ganin hannuna in na yi mata alama. Ita ba ta gani sosai, ni ba na ji, sai muka koma yadda muka fara. Har yau ba ta kiran sunana. Amma tun daren bakin randa ba ta ƙara yi wa bango magana ba in da ni take.

Daren sha huɗu ga azumin, yara sun tafi tarawihi da babansu, muka rage mu biyu. Iska ta tsaya cak, ganyen maina ko motsi. Na jiƙa mayafi na yafa mata a kafaɗa, na zauna na ba wa gabas baya. Tana taɓa ruwan mayafin, sai ta ce irin wannan zafin aka yi a shekarar. Ba ta taɓa ɗauko zancen ba, ni ma haka. Na ce, "Na tuna, Inna." Ta yi shiru, bakinta yana motsi kaɗan irin na mai tasbihi. Sannan ta ɗago.

"Baffanku bai so ba," ta ce. "Cewa ya yi zafi zai kashe su. Ni na ce a rufe ku. Kwana uku ina yi masa kuka kafin ya yarda."

Na karanta shi tsaf, ba kalmar da ta ɓace mini, don ba bakin da na sani a duniya kamar wannan. Ta ce ya hana ta faɗa. Ya ce yarinya ta rasa kunne ta rasa ɗan'uwa, kada ta rasa uwa, gara shi. Na ji mayafin da ke hannuna yana ɗiga a ƙafata. Na tuna gemun nan yana motsi a gadon asibiti.

Ta ci gaba da magana, amma kanta ya fara sunkuyawa, fuskar ta shige inuwa, sai goshi kawai nake gani da bakin ɗankwali. Na san tana faɗin wani abu don haɓarta tana motsi. Na matsa kusa, na sa hannu biyu kamar yadda na yi ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Fuskar ta yi sauƙi yanzu, ba nauyi, duk ƙashi. Na ɗago ta wajen watan.

Na ce, "Inna, ban gani ba. Maimaita."